Tafiyata Zanzibar: Abin da Zafi Ke Yi wa Teku da Halittun Cikinsa

A watan Fabrairun 2025 na je Zanzibar, kuma da gangan na zaɓi wannan lokaci. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa a wannan gaɓa, wadda mutanen wurin ke kira kaskazi, kuma zuwa ƙarshenta ne ruwan teku ke kaiwa maƙurar zafinsa. Ga shi kuma a 2024 an yi wani zafin ruwa da ya taɓa murjani, wata halittar teku mai kama da dutse, a kusan ko'ina cikin duniya. Na so in ga abin da ya bari a baya.

Maganar takardu ta fi tafiyar kanta cin lokaci. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun yana gida, ya jira a amince masa, don haka kada a sayi tikiti kafin amsa ta fito. A riƙe katin rigakafin shawara a hannu. Tun daga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshora ta dala 44, ko da yana da wata. Na biyo ta Addis Ababa na sauka Dar es Salaam, na kwana, da sassafe na nufi tashar jirgin ruwa. A ƙofar tashar akwai 'yan kamasho da za su rantse maka cewa tikiti ya ƙare sai ta hannunsu. Kada ka saurare su, ka wuce ofis kai tsaye da fasfonka. Na biya dala 35, kuɗin kujerar talakawa ga baƙo, tafiyar kuma ba ta cika awa biyu ba. Ko da yake ƙasa ɗaya ce, da aka isa Unguja, babban tsibirin Zanzibar, sai da muka sake bin layin jami'an shige da fice, aka duba fasfo da takardar inshora.

Na sauka a wani ƙaramin masauki cikin lungunan tsohon gari. Bayan sallar asuba na bi ƙafa zuwa Malindi, inda jiragen masunta ke sauke kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Wurin ya cika maƙil. Ana fito da dagaa, wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye da ake kamawa cikin dare da hasken fitila, bokiti bayan bokiti, a tafasa su cikin ruwan gishiri, a shanya, a ɗura a buhu, da yawansu har Kwango ake kai su. Gefe guda dillali na gwanjon manyan kifaye a kan siminti. Wanda ya ga wannan hada-hada zai ce teku lafiya lau yake. Sai ka tsaya ka dubi girman kifin da ke cikin kwanduna. Yawancin kifayen changu da tasi da na gani ba su wuce tafin hannu da kaɗan ba.

Saurayin da ke min tafinta ya kai ni wurin wani dattijo da ke gyaran dema, wato gurar kama kifi da ake saƙawa mai kusurwa shida. Na gaishe shi da “shikamoo” kamar yadda ake gaida manya a can, ya amsa da “marahaba”. Na ce, “Baba, kifin ne ya ragu ko masuntan ne suka yi yawa?” Ya ce, “Ɗana, duka biyun.” Ya ce da ƙuruciyarsa filafili ya ishe shi isa inda yake dasa gura, yanzu kuwa sai da inji da man fetur. Abin da ya fi damunsa shi ne iska ta daina cika alkawari: kaskazi da kusi, iskar kudu, ba sa zuwa a lokacin da ya gada daga iyayensa.

Amsarsa ita ce gaskiyar magana, kuma bai kamata a ɗora wa sauyin yanayi kowane laifi ba. Masunta sun ƙaru, taru mai ƙananan idanu na kwashe 'ya'yan kifi, kuma an daɗe ana jefa nakiya a ruwa a gaɓar Tanzaniya kafin a murƙushe abin a 'yan shekarun nan. Amma ƙarƙashin wannan duka akwai wani abu da ke tafiya a hankali. Teku ne ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tare a duniya, kuma yammacin Tekun Indiya na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a yankuna masu zafi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, alhali jikin kifi ya fi buƙatarta idan ruwa ya yi ɗumi. Daga 1960 zuwa yau tekunan duniya sun rasa kusan kashi 2 cikin 100 na wannan iska. Kifin da ke cikin irin wannan ruwa yakan balaga da wuri, ya tsaya da girma yana ƙarami, ƙaramar uwa kuwa ƙwanta kaɗan ne. Haka nan ruwan sama-sama idan ya yi ɗumi sai ya yi sauƙi ya zauna a kan mai sanyin da ke ƙasa, su daina gauraya, abincin da ke tasowa daga ƙasa ya ragu. Wannan abinci shi ke ciyar da ƙananan tsirran da ke shawagi a ruwa waɗanda ido ba ya gani, su ne dagaa ke ci, dagaa kuma shi ne abincin manyan kifaye irin su jodari da nguru. An kiyasta cewa waɗannan tsirrai sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a yammacin Tekun Indiya cikin shekara sittin.

Akwai kuma ƙaura. A duniya baki ɗaya halittun teku na matsawa zuwa ruwa mai sanyi, wajen arewa ko kudu, kimanin kilomita 70 a kowace shekara goma. A tekun Turai idan wani kifi ya gudu arewa, wani daga kudu yakan zo ya maye gurbinsa. Zanzibar kuwa tana digiri shida ne kawai kudu da tsakiyar duniya. Da wuya a samu wani teku a kusa da ya fi nan zafi da kifinsa zai taso ya cike gurbin wanda ya tafi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a Malindi.

Na karya da urojo, wani romo mai tsami-tsami da dankali da ƙosai a ciki, na kama hanyar gabas. Motocin haya a can dala-dala ake ce musu, wasu ƙananan bas ne, wasu kuma akori-kura ce da aka yi wa benci da rufi. Daga Darajani na shiga ta Mwanakwerekwe, daga can na samu mai zuwa Jambiani a kan 'yan dubban shilin, lokacin dala ɗaya tana wajen shilin 2,500. Mun tsaya a shingen 'yan sanda, suka duba takardun direba, ba wanda ya tambayi fasinja komai. A dajin Jozani mota kan rage gudu saboda jajayen birai da ke tsallaka titi. Daga Paje muka gangara kudu, teku na hannun hagu. Na kama ɗaki a gidan wasu mutane cikin ƙauyen, mai fanka da gidan sauro. Ruwan rijiyarsu da ɗan gishiri-gishiri, shi ya sa na sha sai na roba.

A Jambiani wata ne ke tsara aiki. Sau biyu a wata, lokacin tsayuwarsa da lokacin cikarsa, ruwa kan janye sosai, abin da suke kira bamvua. Bambancin cikowa da janyewa yakan kai mita huɗu, sai ka ga teku ya ja da baya fiye da kilomita guda, ya bar farin yashi da 'yan kududdufai. A wannan lokaci ne mata ke fitowa da buhuna da igiyoyi su shiga gonakinsu na mwani, ciyawar teku da ake nomawa don sayarwa. An fara wannan noma a nan a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma yau mutum sama da dubu ashirin ne ke yin sa a Zanzibar, akasarinsu mata. Daga cikin ciyawar ake fitar da wani sinadari mai kauri da ake sa wa man goge baki da askirim da yogot.

Wata dattijuwa ta yarda na bi ta gonarta, ta kuma nuna min aikin daki-daki. Ana kafa turaku biyu na itace a cikin yashi, a ɗaura igiyar leda mai tsawon mita goma zuwa ashirin a tsakaninsu, ta ɗan ɗaga daga ƙasa. A jikin igiyar akwai 'yan zaruruwa masu laushi da suke kira taitai, tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu, a kowanne a ɗaura reshen mwani mai nauyin kusan giram ɗari. Ɗaurin na da ƙa'ida: idan ya yi tsauri sai ya yanke reshen, idan ya yi sako-sako igiyar ruwa ta tafi da shi. Bayan mako shida a girbe, a ware na iri, a ɗauko sauran a ka zuwa tudu, a shanya kwana biyu zuwa uku a kan ganyen kwakwa ko a kan gado, don yashi na karya farashi. Kilo takwas zuwa goma na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya busasshe. Duk wannan a tsugune ake yin sa cikin ruwan gishiri, rana na dukan ƙeya.

Iri biyu ake nomawa. Akwai cottonii, mai santsi da kauri, wanda kuɗinsa ya ninka na ɗayan ko fiye, akwai kuma spinosum mai ƙaya-ƙaya, mai araha. Na tambaye ta ina nata cottonii. Ta ce, “Ɗana, wannan ai sai labari.” Ta ce shekaru da yawa ke nan da ya daina yi a wannan wuri. Sannan ta ɗago wata igiya ta spinosum ɗin ma ta nuna min. Rassan da ya kamata su zama ruwan ƙasa-ƙasa masu tauri, wasu sun yi fari fat a tsakiya. Ta matsa wurin da yatsa biyu, ya narke kamar dafaffiyar taliya, reshen ya gutsure ya faɗa ruwa. Wannan ita ce cutar da ake kira ice-ice.

Yadda take faruwa shi ne, mwani ya fi son ruwan da bai wuce digiri 30 ba. A lokacin bamvua ruwan da ke rage a gonar bai kai gwiwa ba, ba ya motsi, rana tsaka kuma na kansa. Da na tsoma ƙafa na ji shi kamar ruwan wankan jariri. Masu bincike a Zanzibar sun auna cewa zafin irin wannan wuri, da a shekarun 1990 bai cika wuce digiri 31 ba, yanzu yakan kai 37 zuwa 38. Tsiron idan ya galabaita sai ya fitar da wani yauƙi, ƙwayoyin cuta su taru a kai su cinye naman reshen. Ruwan sama mai yawa a lokaci guda ma yakan jawo haka, domin yana tsarma gishirin. Bayan wannan akwai wata gansakuka mai kama da gashi da ke tsirowa a jikin reshen da ya raunana, da wata kuma da ke sa matan ƙaiƙayi da ƙuraje. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ba a shuka mwani daga ƙwaya. Reshe ake yankewa daga reshe, shekara sama da talatin, daga 'yan tsirarun iri da aka shigo da su. Gona dubu tamkar tsiro ɗaya ce, zafin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka.

Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne a matsa cikin ruwa mai zurfin mita biyu zuwa shida, inda ya fi sanyi kuma yake motsi. Dakta Flower Msuya, masaniyar ciyawar teku da ta yi aiki a Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Dar es Salaam, ta daɗe tana koya wa mata wannan hanya. Ana cusa rassan cikin raga mai siffar dogon bututu, a ɗaura mata robobi su riƙe ta a sama, a daddanne ta da buhunan yashi a ƙasa. Ragar na hana igiyar ruwa tsinke rassan, cottonii kuma yana yi a can. Matsalar ita ce ana buƙatar jirgi da inji da rigar kariya, kuma yawancin matan nan, duk da a bakin teku aka haife su, ba su iya iyo ba. Noman da ya ba mace kuɗin hannunta domin da ƙafa ake shiga gonar, zafi na tura shi inda sai mai jirgi. A ganina wannan ne babban rashin, ya fi faɗuwar farashi ciwo.

Da dare matar gidan ta dafa mana shinkafa da miyar kwakwa da pweza, wannan halitta mai hannaye takwas. A kan abincin maigidan ya ba ni labarin yadda wasu ƙauyuka, musamman a tsibirin Pemba, ke rufe wani yanki na tudun murjani wata uku ba mai shiga, sannan a buɗe rana guda. Pweza na saurin girma, rayuwarsa duka ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba, don haka wata uku ya isa a ga bambanci a ma'auni. Dabara ce mai kyau, amma ta halittar da ke saurin mayar da abin da ta rasa ce. Murjani ba haka yake ba.

Washegari na yi ciniki da wani mai ngalawa, kwalekwale mai fiffike biyu na katako da filafili, ya kai ni bakin tudun murjanin da ya tare gaɓar daga manyan igiyoyin ruwa. Na sa gilashin ninƙaya da bututun numfashi na leƙa. Abin da ya fi yawa a inda muka tsaya shi ne tarkace, gutsattsarin rassan murjani zube kamar ƙasusuwa, gansakuka ta lulluɓe su, baƙaƙen bushiyoyin teku masu dogayen ƙayoyi sun cika ramuka. Nan da can akwai manyan dunƙulallun murjani da ransu. Kifi kaɗan ne, ƙanana.

Don in samu abin kwatantawa na koma gari na nemi zuwa tsibirin Chumbe, wanda ke kudu maso yamma da tsohon gari. Sai an yi rajista tun da wuri domin mutum kaɗan ake ɗauka a rana, kuɗin ya haura dala ɗari har da abincin rana, jirgin kuma daga Mbweni yake tashi. Tun 1994 aka haramta kamun kifi a tudun da ke yammacin tsibirin, ba a jefa anga, kuma masu gadin da yawansu tsofaffin masunta ne. An ƙirga nau'in murjani kusan 200 a wannan ɗan wuri. Bambancin ba ya buƙatar bayani. Ga murjani mai rassa, ga mai faɗi kamar faifai, ga garken pono, kifi mai baki kamar na aku, suna kankare duwatsu har kana jin ƙarar haƙoransu a cikin ruwa. Duk da haka na ga matattun rassa a tsakanin rayayyu. Doka na hana taru shiga, ba ta hana zafi.

Murjani dabba ce, ko da yake kamar dutse yake. Dubban 'yan ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, kowace na gina wa kanta gida da sinadarin alli. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke haɗa abinci da hasken rana ta ba su, har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suke rayuwa da shi, ita ce kuma ke ba su launi. Idan ruwa ya haura zafin da aka saba da shi a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe a haka, gansakukar sai ta fara fitar da guba, murjanin ya kore ta. Naman ya zama garai-garai, farin ƙashin ya bayyana. A wannan mataki bai mutu ba, yunwa yake ji. Hukumar NOAA ta Amurka na lissafa haɗarin ta hanyar tara zafi da makonni: digiri ɗaya na ƙari har mako huɗu, ko digiri biyu har mako biyu, ya ba da maki 4, a nan fari ke farawa. Idan ya kai maki 8, mutuwa ta zo. Idan ruwa ya huce kafin nan, gansakukar kan dawo, amma murjanin kan yi shekara ɗaya ko biyu bai hayayyafa yadda ya kamata ba.

A 1998 aka fara ganin wannan a duniya baki ɗaya, ya kashe kusan kashi 8 cikin 100 na murjanin duniya, kuma yammacin Tekun Indiya ne ya fi shan wuya. Tsibirin Misali na Pemba da tudun Tutia na tsibirin Mafia sun yi asara mai yawa. A Seshels sama da kashi 90 cikin 100 ya mutu. Masu bincike sun bi wurare 21 a can shekara da shekaru: 12 sun farfaɗo, 9 kuwa gansakuka ta mamaye su ba su dawo ba. Waɗanda suka farfaɗo su ne masu ɗan zurfi, masu ramuka da lunguna da yawa, masu yalwar kifin da ke kiwon gansakuka, waɗanda kuma ƙazantar gari ba ta kwarara cikinsu. A nan amfanin pono yake. Jaririn murjani ba ya kama dutsen da gansakuka ta rufe, sai wanda aka kankare. Inda aka kame pono aka kai kasuwa, ba mai share masa wuri.

Wani abin da aka gano a Seshels shi ne masunci ba ya jin asarar nan take. Mataccen murjani kan tsaya da siffarsa 'yan shekaru, manyan kifaye na nan, kamu bai ragu ba. A hankali tsutsotsi da bushiyoyi da igiyar ruwa ke rugurguza shi, maɓoyar 'ya'yan kifi ta ɓace, sai bayan shekara biyar ko goma a ga babu masu tasowa. Tarkacen da na gani a gabas irin wannan ne, kuma idan tudun ya yi ƙasa, igiyar ruwa za ta riƙa isa gaɓa da ƙarfinta, har kan gonakin mwani da katangun gidaje.

Murjani mai rassa na iya ƙara santimita goma ko fiye a shekara, dunƙulallen kuwa kusan santimita ɗaya. Tudun da ya ƙone yana buƙatar aƙalla shekara goma zuwa sha biyar kafin masu saurin girman su dawo. To ga shekarun da wannan fari ya auku a duniya baki ɗaya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai na huɗu da ya fara a 2023, wanda zafinsa ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na murjanin duniya. A farkon shekarun 1980 tudu guda kan yi shekara 25 zuwa 30 tsakanin bugu da bugu. Zuwa 2016 tazarar ta koma kusan shekara shida. Teku ya san yadda zai warkar da kansa, lokacin yin hakan ne ake ƙwace masa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani, idan ta kai digiri 2 kuwa sama da kashi 99. Wurin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba ke nan, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka.

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma na teku ma da dalilinsa. Yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da ake fitarwa kowace shekara, iskar kuma idan ta narke a ruwa asid take zama. Ma'aunin tsamin teku, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A ido kamar ba komai, amma a lissafin wannan ma'auni ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100. Sakamakonsa shi ne sinadarin da murjani da kawa da katantanwa ke gina ƙashi da ɓawo da shi yana ƙaranci, ginin ya zo a hankali kuma ba ƙwari. Wannan ba ya zuwa da fari da za a ɗauki hoto, kuma ko an daina fitar da hayaƙi yau, sai an yi dubban shekaru kafin ruwan ya koma yadda yake.

Zangona na ƙarshe Nungwi ne, can ƙuryar arewa, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a dala-dala. Garin otal-otal ne, komai da tsada, amma har yanzu ana sassaƙa manyan jiragen katako a bakin ruwa da gizago. Kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa akwai wani tafki na halitta cikin dutse, Mnarani, inda mutanen gari tun 1993 suke jinyar kunkurun teku da suka faɗa tarun masunta, suna kuma renon 'ya'yan da aka ceto, a sake su idan sun yi ƙwari. Wani matashi mai kula da wurin ya bayyana min yadda suke kwashe ƙwai daga ramin da ruwa ke barazanar cinyewa: a ɗauko kowane ƙwai yadda yake ba tare da an juya shi ba, domin juyi na kashe ɗan da ke ciki, a binne a zurfin da uwar ta haƙa, a jira kusan wata biyu.

Zafin yashin ne ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace. A wajen digiri 29 sukan fito rabi da rabi. Idan ya haura 31 kusan duka mata ne, idan ya ƙara gaba kaɗan ƙwan ya lalace. A arewacin babban tudun murjani na Ostareliya an gano a 2018 cewa kashi 99 cikin 100 na matasan koren kunkuru mata ne. Wannan kunkuru kan yi shekara ashirin da biyar ko fiye kafin ya fara haihuwa, saboda haka ƙarancin mazan da ake ƙyanƙyashewa yau ba zai bayyana ba sai yaran da ke wasa a bakin ruwan nan sun zama iyaye. Inda ake kula, akan yi wa ramin inuwa da ganyen kwakwa ko a yayyafa masa ruwa don a rage zafin. Amma ita kanta gaɓar tana matsewa. Teku ya tashi da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, a bayan yashin kuma katangun otal ne, ba inda zai ja da baya.

Daga Nungwi na dawo gari na sayi tikitin komawa tun ana gobe, domin jiragen yamma kan cika, ruwan ma ya fi tashi da rana, gara na safe ga mai jin jiri. Wanda zai bi wannan hanya ya duba kalandar wata kafin ya sa rana, domin idan ya isa Jambiani a kwanakin da ruwa ba ya janyewa sosai ba zai ga gona ko ɗaya ba. Ya tafi da takalmin roba mai kauri saboda ƙayar bushiya, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton matan, kada kuma ya taka ko ya dafa murjani ko da ya ga kamar matacce ne. Taswirar zafin ruwa ta NOAA kyauta ce a intanet, ana sabunta ta kullum, kuma a wannan gaɓa daga Maris zuwa Mayu ne makin ke hawa.